Tsohuwar tarakta: garin neman ƙiba kada a samo rama

A wani gari na gulbin Maradi, kudu da birni, akwai wani magidanci mai tarakta. Ba mai kuɗɗi ba ne. Manomi ne kamar kowa. Shanu 4 ya saida, ƙanenshi da ke ci-rani ya aiko da ciko, sannan ya sayi wata tsohuwar tarakta ja. Shi ke tuƙa ta da kanshi. Babban ɗanshi, yaro ɗan shekara 16, shi ne aparanti.

Irin taraktar shi ne Massey Ferguson 135. An fara ƙera wannan iri a 1964. An yi ta a Ingila, an yi ta a Faransa da Amurka, kuma an daina ƙera ta kafin 1980. Ke nan duk wadda ake gani yau cikin gona ta haura shekara 40. Injin tashi na Perkins ne, shina shan gazuwal. Rami 3 gare shi. Cikin kowane rami akwai fistan, shina hawa shina sauka kamar taɓarya cikin turmi. Ranar da ta fito sabuwa, ƙarfinta doki 45 ne ko kusa da haka.

Mi ake nufi da ƙarfin doki? Awo ne kamar tiya ko kilo. Mai jan ruwa a rijiya zai gane shi. In aka ɗaga guga mai nauyin kilo 75, ya hau mita 1 cikin daƙiƙa 1, to an yi aikin doki 1 ke nan.

Ƙarfi ya ragu

Da damana, aikin taraktar shi ne huɗar fadama. Ƙasar jigawa ba ta da wuya, shanu da hauya sun ishe ta. Amma lakar fadama nauyi gare ta. Shi ya sa masu gonakin gulbi suke neman tarakta. Tun da bazara suke kawo kuɗɗinsu, a rubuta sunansu, kowa shi jira ranarshi.

A shekarar da abin ya faru, mutum 23 suka ba da kuɗɗi. Cikinsu har da wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Akuya ta saida ta biya. Mai tarakta ya karɓi kuɗɗin duka. Ya sayi gazuwal da wani kashi. Sauran ya shiga cefane da biyan bashi, kamar yadda aka sani.

Ruwan farko ya sauka cikin watan Yuni. Ƙasa ta yi laushi. Da asuba ya ɗaura garma mai faranti 3, ya shiga gonar farko. Nan ya ga abin da bai so ba. Da garma ta nutse, sai inji shi yi nishi, shi fara tari, hayaƙi shi turnuƙe. Sai ya ɗaga garma kaɗan sannan ta motsa. Gonar da a da shike gamawa kafin hantsi, ranar nan sai da azahar ta yi.

Gaskiya ita ce, abin bai zo rana ɗaya ba. Shekara 2 ke nan ƙarfin shina raguwa kaɗan-kaɗan. Ya lura, amma ya kau da kai. Kullum sai shi ce tsufa ne, ai ko mutum in ya tsufa ƙarfinshi raguwa shike yi.

Da dare ya yi lissafi. In haka za ta riƙa tafiya, ba zai gama gonaki 23 ba kafin lokacin shuka shi wuce. Kuɗɗin mutane kuwa an riga an taɓa. Daren nan barci bai ɗauke shi ba.

Maganin sauri

Washegari ranar kasuwa ce. Ya kai kukanshi wurin wani saurayin makanike da ke bakin hanya. Saurayin ya saurari injin, ya yi dariya.

Ya ce: "Maigida, wannan ƙaramin aiki ne. Yunwa take ji. Turawa ne suka ɗaure mata baki. In na buɗe mata mai, har garma mai faranti 4 za ta ja."

A jikin famfon da ke tura gazuwal cikin inji akwai wata ƴar waya da hatimin dalma. Masu ƙira ne suka sa ta, don kada a taɓa awon da suka yi. Saurayin ya sa almakashi ya yanke ta. Ya murɗa sukurun gudu. Ya buɗe gefen famfon ya ƙara yawan mai. Bai yi rabin awa ba ya gama.

Da aka tada ta, sai ta yi ruri kamar zaki. Hayaƙi baƙi ƙirin ya tashi sama. Yara suka yi ta tafi. Mai tarakta ya ji daɗi, ya biya, har ya ƙara goro.

Ranar farko ya ga kamar ta ɗan ƙara kuzari. Amma ya lura da abu 2. Tankin da ke kai shi yamma ya ƙare tun la'asar. Kuma rigarshi da fuskar ɗanshi duk sun yi baƙi. Allurar zafi ta daɗe da mutuwa, ba a gyara ta ba. Saboda haka babu abin da zai gaya mashi halin da cikin injin ke ciki.

Ranar ta 3, da tsakar rana, suna cikin gona ta 7, sai ya ji ƙauri. Tururi ya fara fita ta gaba. Ya tsaya ya kashe inji. Kafin shi sauko, yaron ya riga ya ruga gaba don shi ƙara ruwa. Ya kama murfin radiyata ya murɗe.

Ruwan da ke cikin radiyata a matse shike. In inji ya yi zafi ƙwarai, zafin ruwan shina wuce na tafasasshen ruwan tukunya. Da aka buɗe murfi sai ya yi tsalle. Ya ƙone yaron tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Uban ya ɗauki bidon ruwan shansu ya yi ta kwarara mashi a hannu. Wani ya ce a shafa baƙin mai, wani ya ce a sa gishiri. Ya ƙi. Nan dai ya yi daidai. Maganin farko na ƙuna shi ne ruwa mai tsabta mai sanyi, a daɗe ana zubawa, sannan a tafi likita. Aka ɗora yaron bisa amalanke aka kai shi.

Tarakta kuwa ta kwana cikin gonar mutane. Da safe aka duba sandar awon mai, sai aka ga baƙin mai ya koma kamar kunu. Ruwa ya shiga cikinshi. Shimfiɗar da ke tsakanin murfin inji da jikinshi, wadda makanikai ke kira juwan, ta ƙone.

Kwana 2 bayan haka aka yi ruwan shuka, mai yawa. Mutane suka fara zuwa ƙofar gida. Wasu da lalama, wasu da faɗa. Tsohuwar nan ita ma ta zo. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce: "Ɗan nan, yaya hannun yaro?"

Ya ce: "Da sauƙi, Inna."

Ta ce: "To madalla. Ni dai akuya ɗaya gare ni, ka sani."

Ta juya ta tafi. Wannan magana ta fi duk faɗan sauran yi mashi zafi.

Tsohon makanike

A Maradi akwai wani tsoho da ya yi shekaru shina gyaran taraktoci a garejin ma'aikatar noma, har ya yi ritaya. Mai tarakta ya je ya same shi, ya gaya mashi kome, bai ɓoye ba. Tsohon ya ɗauki jakar kayan aikinshi suka taho.

Da suka iso, bai fara da wurin da ya ƙone ba. Ya ce a kwance mashi matacin iska. Irin na dauri ne, mai kwano a ƙasa. Ana zuba baƙin mai cikin kwanon, iska ta bi ta kanshi, ƙura ta maƙale. Da aka sauke kwanon, babu mai a ciki. Laka ce ta cika shi, ta bushe kamar tubali. Ragar da ke sama ita ma ta toshe.

Tsohon ya ce: "Ɗana, yaushe rabonka da buɗe wannan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, tun kakar bara."

Tsohon ya ce: "To ga rabin dawakinka nan cikin kwano. Taraktarka ba yunwa take ji ba. Shaƙe ta aka yi."

Ya zaunar da shi a inuwa, ya yi mashi bayani dalla-dalla.

Injin gazuwal ba shi da buji. Fistan ne ke jawo iska cikin rami, sannan shi matse ta ƙwarai, fiye da sau 16. Iskar da aka matse haka zafi take yi, har ta wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci ake fesa gazuwal, sai shi kama da wuta, shi tura fistan ƙasa. Wannan turi shi ne ƙarfin inji. Ke nan abu 3 ake bukata: iska isasshiya, mai mai tsabta, da matsi mai kyau. Na 4 shi ne sanyaya, don kada wutar ta cinye gidanta.

Kuma iska ce ta fi yawa cikin abincin inji. Kafin lita 1 ta gazuwal ta ƙone sarai, sai ta samu iska fiye da lita 10,000. Wato cikin ganga 50, irin mai cin lita 200.

Tsohon ya ce: "Ka dubi murhun matarka. In ta cusa itace da yawa, iska ba ta shiga, mi take samu?"

Ya ce: "Hayaƙi."

Ya ce: "Haka ne. Baƙin hayaƙin da ka gani har ka yi murna, gazuwal ɗinka ne da bai ƙone ba. Kuɗɗinka ne ke tashi sama. Man da ya yi yawa shina ƙara ma inji zafi. Shina wanke baƙin man da ke jikin rami, ƙarfe shi riƙa cin ƙarfe. Sukurun gudu kuma da aka murɗa, an sa tsoho tsere ne. Lafiyayyen inji mai isasshiyar iska, in gwani ya ƙara mashi mai kaɗan, shina iya ƙara ɗan ƙarfi. Amma naka da hancinshi ke toshe, sai dai zafi da hayaƙi."

Daga nan suka bi injin gaɓa-gaɓa.

Radiyata: ƙaiƙayi da ƙura da tsofaffin ganyaye sun liƙe ƴan ramukanta, iska ba ta ratsawa. Cikinta kuma ta yi tsatsa da laka, don ruwan tabki ake zuba mata. Aka wanke ta ciki da waje. Igiyar fanka ta saki, aka ɗaure ta. Aka sayi sabuwar allurar zafi.

Murfin inji: tsohon ya aza mashi miƙaƙƙen ƙarfe, ya ga zafi ya ɗan lanƙwasa shi. An yi sa'a bai tsage ba. Da an kwara mashi ruwan sanyi lokacin da shike da zafi, da wataƙila ya tsage. Aka kai shi Maradi aka goge shi a mashin, aka sayo sabon juwan.

Matacin gazuwal: da aka kwance shi, sai ga ruwa da yashi a gindinshi. Man bido da na kwalba da ake saye bakin hanya ba kullum shike da tsabta ba. Tsohon ya ce a riƙa zuba mai cikin ganga, a bar shi shi kwana 1 ko 2 shi kwanta. A jirkita gangar kaɗan, a ɗiba daga sama, a bar na gindi. A kuma cika tanki da yamma bayan aiki, don tankin da ya kwana da wofi shina tara raɓa a ciki.

Bakunan feshin mai, wato anjekta: guda 3 ne, kowane rami da nashi. Aikinsu su fesa mai kamar hazo. Da aka gwada su a mashin, ɗaya ɗiga shike yi, ba feshi ba. Aka canza mashi kai. Tsohon ya yi gargaɗi: kada kowa shi tara hannu gaban wannan feshi. Ƙarfinshi ya isa shi huda fata, man shi shiga jiki, har a rasa yatsa.

Famfon mai: aka kai shi wurin mai gyaran famfo, wanda ke da mashin ɗin awo. Ya maida shi daidai awon masu ƙira, ya sa sabon hatimi.

Ƙofofin iska, wato supap: su ke buɗewa iska ta shiga, hayaƙi shi fita. Akwai ɗan tsakani da ake bari a kansu. Ga wannan inji, milimita 0.30 ne in shina da sanyi. In tsakanin ya yi yawa, ƙofa ba ta buɗewa sosai. In ya yi kaɗan, ba ta rufewa sosai, matsi shi zurare, ita kuma ta ƙone. Tsohon ya daidaita su da ƴan faifan awo.

Sai matsi. Kowane fistan shina da zobba da ke hana iska zurarewa. Ƙura ce babbar maƙiyiyarsu. In ta shiga, tana cin su kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Da aka haɗa injin aka tada shi, tsohon ya tara hannu a bakin ƴar tiyon numfashi da ke gefen inji. Huci na fita, amma ba da yawa ba.

Ya ce: "Zobban sun ci, amma za su kai ka kaka. In ka saida wake, ka sayi zobba da fistan da rigunan rami, a canza su da rani. Wannan shi ne maida tsohuwa yarinya. Babu wata hanya ta gaskiya sai ita."

Ya kuma koya mashi karatun hayaƙi. Baƙi: mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko kaya sun fi ƙarfin inji. Shuɗi: inji shina ƙona baƙin mai, zobba sun gaji. Fari wanda ba shi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama: man bai kama wuta ba, ko ruwa shina shiga rami.

Ƙarfin da ke zubewa a ƙasa

Mai tarakta ya zaci an gama. Tsohon ya ce da saura. Ƙarfin da inji ya haifa, sai ya kai ƙasa sannan shike da amfani. Da yawa shina ɓacewa a hanya.

Ya sa alli ya yi alama a jikin babbar taya ta baya. Ya ce a tafi da garma a ɗage. Da taya ta juya sau 10, aka auna: taki 40. Sannan aka nutsa garma, taya ta sake juyawa sau 10: taki 29. Ke nan taki 11 sun ɓace. Fiye da kashi ɗaya cikin 4 na tafiyar, taya tana murzawa ne a wuri ɗaya, tana cin mai a banza.

Sulɓi kaɗan ba laifi ba ne. Cikin gona, 10 zuwa 15 cikin 100 shi ne daidai. Wato cikin taki 40, a rasa 4 zuwa 6. In ya wuce haka, taya na bukatar nauyi.

Nauyin kuwa ba saye ake ba, ruwa ne. Aka ɗaga taya da jak, aka juyo bakin iskarta sama, aka ɗura ruwa har ya kai bakin. Wato kashi 3 cikin 4 ruwa, sauran iska. Kowace taya ta sha fiye da lita 100. A Turai sai sun haɗa ruwan da magani don kada shi daskare da sanyi. A ƙasar Hausa babu wannan damuwa. Tayoyin kuma an bankara masu iska kamar na kamiyo. Aka rage ta koma wajen kilo 1, don taya ta zauna sosai ta kama ƙasa. Da aka sake awo, taki 35 aka samu.

Sai garma. Farantanta sun dakushe, ɗaya kuma ba shi juyawa sosai don babu giris. Kowa ya san wahalar noma da dakusasshiyar hauya. Aka wasa su, aka sa giris. Tsohon ya duba birki, ya ga na hagu shina ɗan riƙewa, ya sassauta shi. Ya duba kuloci, ya ce kada direba shi riƙa aza ƙafa a kanshi in ana tafiya.

Daga ƙarshe ya ce: "Cikin laka mai nauyi, ka cire faranti ɗaya, ka ja 2. In ka ji inji shina nishi, ka koma lamba ta ƙasa, kada ka matsa mashi. Kada ka nutsa garma fiye da bukata. Kada ka huɗa busasshiyar laka, ka jira ta sha ruwa. Ka yi babban aiki da safe da yamma. Iskar tsakar rana ba ta da kauri, inji ba shi ƙoshi da ita, ga zafi."

Mai tarakta ya yi wata tambaya da ta daɗe tana cin shi. Ya ce: "Baba, na ji ana sa ma inji wani abu, turbo, ƙarfi shi ƙaru. Gaskiya ne?"

Tsohon ya ce: "Gaskiya ne. Turbo zuga-zugi ne irin na maƙeri. Hayaƙin da ke fita ne ke juya shi, shi kuma shi tura ƙarin iska cikin inji. In iska ta ƙaru, ana iya ƙara mai, wuta ta yi ƙarfi. Amma injin da aka ƙera da turbo, tun a gidan ƙira aka ƙarfafa kayan cikinshi. Naka ba a yi shi don haka ba, ga shekaru. Ko injin ya jure, kuloci da haƙoran da ke bayanshi don doki 45 aka yi su. In kana son doki 70, ka tara kuɗɗi ka sayi mai doki 70. Jaki ba shi zama raƙumi don an ƙara mashi dusa."

Abin da ya biyo baya

Gyaran ya ci kwana 9. Ya ci tumaki 3 na matarshi, da alkawarin zai maida mata da kaka. Da tun farko matacin iska ya wanke, da lita 1 ta baƙin mai da awa 1 sun isa babban ɓangaren aikin.

Cikin kwana 9 ɗin nan bai zauna ba. Ya bi masu gonaki gida-gida. Mutum 6 suka ce ba za su iya jira ba, ya maida masu kuɗɗinsu da abin da ya ranto. Gonar tsohuwar nan kuwa, ya ari shanun huɗa wurin surukinshi, ya huɗe ta da hannunshi cikin kwana 2. Ta shuka dawarta tare da mutane.

Ranar da tarakta ta koma gona, babu ruri, babu tafin yara. Hayaƙin ma da ƙyar ake ganin shi. Amma garma ta nutse, ta yi ta tafiya ba tari. Ya gama sauran gonakin cikin mako guda da ƴan kwanaki. Wasu sun yi latti, amfaninsu bai kai na kowace shekara ba. Mutum 2 har yau ba su sake kawo mashi aiki ba. Bai ga laifinsu ba.

Hannun yaron ya warke, amma tabon shina nan. Duk lokacin da ya miƙo ma uban sufana, uban sai ya gan shi.

Wata rana suna hira da maƙwabcinshi, wani makiyayi. Mai tarakta ya ce abin da ya fi ba shi kunya shi ne wannan: lokacin da shike da shanu, bai taɓa kwana bai duba su ba. Shina duba hanci, shina duba kofato, shina tace masu ruwa in ya ga ƙazanta. Bai taɓa tunanin bulala za ta ƙara ma ramammen sa ƙarfi ba. Amma da ya saida su ya sayi ƙarfe, sai ya ɗauka ƙarfe ba shi son kiwo.

Makiyayin ya ce: "Ai duk abin da ke ci shina sha shina numfashi, dabba ce."

Yanzu akwai ɗan littafi cikin akwatin taraktar. Yaron ne ke riƙe da shi. Ga abin da ke shafin farko:

Kowace safiya, kafin a tada inji: a duba baƙin mai, a duba ruwan radiyata, a duba kwanon matacin iska. In laka ta taru, a wanke, a zuba sabon mai daidai alama. Lokacin ƙura, har sau 2 a rana.

Kowace yamma: a kakkaɓe gaban radiyata, a cika tanki.

Kowane mako: a zubar da ruwan da ya kwanta gindin matacin gazuwal, a duba igiyar fanka da iskar taya, a sa giris.

Bayan awa 250 na aiki, ko kafin nan in ƙura ta yi yawa: a juye baƙin mai, a canza matacinshi.

Ba a buɗe murfin radiyata sai inji ya huce.

Ba a taɓa hatimin famfo.

Da rani ya cika alkawari. Ya saida wake, aka canza zobba da fistan da rigunan rami. Taraktar ba ta zama doki 60 ba, ba za ta taɓa zama ba. Dawakinta na asali ne suka komo gida, kuma sun isa aikin fadama.

Masu tarakta, da ƙungiyoyin manoma masu tarakta ta haɗin gwiwa, damana na tafe. Wanda ya ga ƙarfin tashi ya ragu, kada shi fara da tambayar abin da za a ƙara mata. Shi fara da neman inda ƙarfin ya maƙale: a hanci, a mai, a ruwa, a taya, ko a bakin garma. Masu ba da kuɗɗin huɗa su ma su buɗe ido. Taraktar da ke turnuƙa baƙin hayaƙi ba ƙarfi take nunawa ba, ciwo take faɗi.

Allah shi ba da damana mai albarka.